Daga Kumasi Zuwa Kano a Jirgin Sama: Awa Biyu Ce Ko Yini Guda?

"Assalamu alaikum Alhaji. Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi. Mahaifiyata tana so ta je Kano bikin jikar yayarta a watan Janairu, ni zan raka ta. Ta haura shekara 70, ga ciwon gwiwa, ba za ta iya zaman mota ba. Na duba a waya, aka nuna mini tsakanin Kumasi da Kano awa ɗaya da minti 40 ne a jirgi. Amma da na je wurin mai yankan tikiti sai ya ce mu shirya wa tafiyar yini guda, wataƙila ma da kwana a hanya. Don Allah wanne ne gaskiya? Nisan nawa ne, kuma awa nawa za mu yi?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma Ya ba ka ladan wannan hidima. Na daɗe ina yanka wa mutanenmu na zango tikiti a nan Kumasi, kuma da wuya wata ya ƙare ba a kawo mini irin wannan tambaya ba, wani lokaci ma da ɓacin rai, mutum yana ganin so ake a cuce shi. To, ka kwantar da hankalinka. Wayarka ba ta yi ƙarya ba, mai tikitin ma gaskiya ya gaya maka. Wayar ta auna maka tazarar da ke tsakanin filin jirgin Kumasi da na Kano, kamar a ce jirgi zai tashi daga nan bayan Aboabo ya miƙe bai tsaya ko'ina ba. Shi kuwa mai tikiti tafiyar da za ku yi a zahiri ya lissafa, wadda jirgi uku ce da jira biyu a tsakani. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma a wannan tafiya taku karin maganar ta zauna daram.

Nisan kansa

Idan aka ja zare a kan taswira daga filin jirgin Prempeh na Ɗaya, wanda kake jin ƙarar jiragensa daga tsakar gidanku, zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, za a samu kimanin kilomita 1,250. Zaren zai bi ta saman tafkin Volta a wajen Kete Krachi, ya ratsa tsakiyar Togo, ya bi ta kudu da Parakou a Benin, ya shiga Najeriya ya tsallake kogin Kwara a wajen Kainji, ya wuce ta kusa da Funtuwa, sannan ya faɗa Kano. Jirgin fasinja idan ya gama hawa ya daidaita a sama yana cin kilomita 800 ko sama da haka kaɗan a awa. Raba 1,250 da 800, za ka samu awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci. Nan wayarka ta samo lissafinta.

Sai dai jirgi ba ya fara gudun nan daga bakin ƙofa. Ana rufe ƙofa, a tura shi baya, ya lallaɓa zuwa kan titin tashi, wani lokaci ya tarar da layi ya jira. Ya tashi ya yi ta hawa a hankali, sannan tun da sauran tafiya ya fara rage gudu yana gangarowa, ya zaga ya fuskanci titin sauka, ya sauka, ya sake lallaɓawa zuwa inda zai tsaya. Kuma a sama ma akwai hanyoyi da aka shata, ba zaren nan sak jirgi yake bi ba. Lokacin da ake rubutawa a tikiti ya haɗa duk wannan, daga motsawar jirgi a nan zuwa tsayawarsa a can.

Shi ya sa nake da wani ɗan lissafi da nake yi a bayan takarda idan mutum ya zauna a gabana: a raba nisan da 800, sai a ƙara rabin awa. Bai cika kuskure ba. Kumasi zuwa Akra kilomita 200 ne a sama, kwata ɗin awa ke nan, a ƙara rabin awa, ya zama minti 45, kuma duk wanda ya taɓa hawa ya san kusan hakan ne. Akra zuwa Legas kilomita 400, awa ɗaya. Legas zuwa Kano kimanin 830, awa ɗaya da rabi. Akra zuwa Abuja kimanin 900, awa ɗaya da minti 40. Abuja zuwa Kano kimanin 365, awa ɗaya ba kaɗan. Ƙananan jiragen nan masu farfela da ke yawan zirga-zirga tsakanin Kumasi da Akra ba su kai wannan gudun ba, amma a gajeriyar tafiya bambancin bai wuce 'yan mintoci ba. Da wannan lissafi, da a ce akwai jirgin da zai ɗauke ku daga Kumasi ya sauke ku a Kano, awa biyu ce tafiyarku.

Inda gizo yake saƙar

A duk shekarun da na yi a wannan aiki ban taɓa sayar wa kowa tikitin jirgin da ke tashi daga Kumasi, ko ma daga Akra, ya sauka Kano kai tsaye ba. Filinmu na Kumasi an gyara shi, an buɗe sabon gini a 2024, ya samu sunan filin ƙasa da ƙasa, amma jiragen da ke tashi daga cikinsa kullum Akra suke zuwa. Ba don Kano ba ta isa ba ne. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, kuma filinta yana karɓar jiragen ƙasashen waje. Magana ce ta ciniki. Kamfani ba ya buɗe hanya sai ya tabbatar zai riƙa cika kujeru a yawancin ranaku, zuwa da dawowa. Mu kuwa masu dangi a Kano da Katsina da Sakkwato muna da yawa, amma akasarinmu mota muke bi saboda kaya da kuma sauƙin kuɗi, masu hawa jirgin kuma tafiyarsu ta biki ce ko ta gaisuwar rasuwa, ba ta kowane mako ba. Don haka dole a bi ta inda jama'a suka fi taruwa, wato Akra, sannan Legas ko Abuja.

Idan aka bi ta Legas, nisan ya koma kilomita 1,430 ko kusa da haka. Ta Abuja kuma kimanin 1,465. Ka ga ƙarin ba wani mai yawa ba ne. Zaman cikin jirgi gaba ɗaya, ko ta wace hanya, awa uku ne da kwata zuwa uku da rabi. Abin da ke cinye yinin yana ƙasa.

Nakan tuna wa mutanenmu cewa sunan unguwanninmu ma, wato zango, daga irin wannan tsayawa a hanya ya fito. Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa daga Kano da jakuna zuwa Gwanja sayen goro, su sauka Salaga, watanni suke yi a hanya, kuma madugu ba da nisa kaɗai yake lissafin tafiya ba, da zango yake yi: ina za a kwana, ina akwai ruwa, ina za a jira a biya fito a tsallake kogi. Har yau idan jirgi ya tsaya a wani gari kafin ya ƙarasa, cewa muke ya yada zango. To ku zango biyu za ku yada, kuma kowanne yana da nasa sharuɗɗan.

Bari in zana maka yini guda. Lokutan nan misali ne kawai don ka ga yadda awoyin ke tafiya, ba jadawalin wani kamfani ba ne. Kun yi sallar asuba, kun bar gida ƙarfe 5:30, tunda filin yana kusa da ku. Jirgi ya tashi 7:00, ya sauka Akra 7:45. Kun jira kaya, kun fito daga ginin jiragen cikin gida, kun nufi sabon ginin jiragen ƙasashen waje da aka buɗe a 2018, wanda ake kira Taminal 3. Ga matashi 'yar tafiya ce, ga mai ciwon gwiwa da akwatuna kuwa sai an nemi abin hawa. A can ana so fasinja ya iso awa uku kafin tashi, kuma ana rufe awon kaya kimanin awa ɗaya kafin lokaci. A ce jirginku na Legas na ƙarfe 11:00 ne. Kun sauka Legas ƙarfe 1:00 na rana agogon can. Layin jami'an shige da fice, jiran kaya, kwastam, sai ka ga awa ɗaya ko fiye ta tafi. Sannan ku nemi mota zuwa ginin jiragen cikin gida, ku sake bin layi, ku sake auna kaya. A ce jirgin Kano na ƙarfe 5:00 na yamma ne. Kun sauka 6:30, kun isa gida wajen 7:15, tunda filin jirgin Kano a cikin gari yake, ba nisa da Sabon Gari da Fagge. A agogon Kumasi ƙarfe 6:15 ke nan. Daga ƙofa zuwa ƙofa kusan awa 13, kuma wannan a ranar da komai ya tafi daidai ne, babu jirgin da ya yi latti.

Agogon can da na nan

Akwai wani abu da ke rikita mutane idan sun karɓi tikiti. Najeriya tana gaban Gana da awa ɗaya, kuma kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da aka ambata ne. Za ka ga an rubuta tashi daga Akra 11:00, sauka Legas 13:00, ka ɗauka awa biyu ce. Awa ɗaya ce, ɗayar ta agogo ce. A dawowa kuma za ka ga tashi daga Legas 10:00, sauka Akra 10:00. Wani dattijo ya taɓa dawo mini da tikitinsa a kan wannan, ya shimfiɗa takardar a kan tebur yana nuna mini da yatsa, ya ce injin ya yi kuskure, ba yadda za a yi mutum ya tashi ya sauka a lokaci guda. Sai da na ɗauko agogo biyu na ajiye a gabansa kafin ya gamsu. Abin da ya shafe ka a nan shi ne, kuna sauka Najeriya ka tura agogonka da na Hajiya gaba da awa ɗaya, kada ka dogara waya za ta gyara kanta, don idan layin Gana bai kama ba takan tsaya a tsohon lokaci. Mutum yana zaune yana ganin da sauran awa guda, alhali ana can ana kiran jirginsa. Idan kuma Hajiya tana da maganin da take sha a kan lokaci, ka sa shi a jakar hannu, ka riƙe lissafinsa da kanka.

Wani abin kuma, tunda da waya kake bincike: tsofaffinmu Ankara suke kiran Akra, amma idan ka rubuta Ankara a wurin neman jirgi, babban birnin Turkiyya za a nuna maka. Ka yi aiki da haruffan filayen: KMS Kumasi, ACC Akra, LOS Legas, ABV Abuja, KAN Kano.

Legas ko Abuja?

Ta Legas an fi samun jirage. Africa World Airlines da Air Peace duk suna zirga-zirga tsakanin Akra da Legas, kuma daga Legas zuwa Kano akwai zaɓi. Amfanin wannan shi ne idan ɗaya ya kuɓuce ana iya samun wani. Wahalarta ita ce ginin jiragen ƙasashen waje da na cikin gida ba a haɗe suke ba, sai an fita an hau mota an bi titi, kuma cunkoson Legas ba ya tambayar ko kana da jirgi. Su kansu gine-ginen cikin gidan biyu ne, dole ka tabbatar wanne kamfaninku yake amfani da shi kafin ka gaya wa direba inda zai kai ku.

Ta Abuja jiragen daga Akra ba su kai na Legas yawa ba, don haka ranar tafiya da lokacinta su ne za su bi jirgi, ba jirgi ne zai bi ku ba. Amma ɓangaren ƙasashen waje da na cikin gida suna kusa da juna a wuri guda, hayaniyar ba ta kai ta Legas ba, kuma abin da ya rage zuwa Kano bai cika awa ɗaya ba. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ni Abuja nake zaɓa duk lokacin da ranakun suka dace. Ga ɗan kasuwa mai jaka ɗaya a kafaɗa, Legas ba laifi.

Ko ta ina kuka bi, yawanci tikitin ba ɗaya ba ne. Na Kumasi zuwa Akra zuwa Najeriya yana iya zama na kamfani ɗaya, na Kano kuma na wani kamfani daban. Ma'anar wannan babba ce. Idan jirgin farko ya yi latti kuka rasa na biyu, kamfani na biyu ba ruwansa, a wurinsa ku ne ba ku zo ba. Kayanku ma ba za su wuce da kansu ba, sai kun karɓa kun sake aunawa, kuma kilo ɗin da aka yarda da shi a wannan jirgi ba lalle ne ya zama shi ne a wancan ba. Hajiya kuwa na san ba za ta je biki hannu rabbana ba, akwai atamfa, akwai goro, wataƙila har da shito, soyayyen yajin nan na Gana. Ka tambayi kilo na kowane jirgi, ka ɗaure kaya daidai da mafi ƙanƙanta. Shito da duk wani abu mai ruwa ko mai maiƙo a sa shi cikin babban akwati a naɗe da leda, don a jakar hannu ba a barin abin da ya wuce mililita 100.

Wannan darasi da ciwo na koye shi. Shekarun baya wata baiwar Allah ta zo za ta je gaisuwar rasuwar ƙaninta, hankalinta a tashe, tana so ta isa Kano a ranar. Tikitin da ya rage tazarar awa ɗaya da rabi ce kawai tsakanin saukarta Legas da tashin jirgin Kano. Na san bai isa ba, na faɗa mata sau ɗaya, ta roƙe ni, na yanka. Jirgin Akra ya yi lattin minti 40. Ta kira ni daga cikin mota a kan hanyar ginin cikin gida tana kuka, ina jin hon ɗin motoci ta wayar, jirginta kuwa ya riga ya rufe ƙofa. A Agege ta kwana wurin wasu 'yan'uwa da muka yi ta nema a waya har dare, washegari ta sayi sabon tikiti. Tun daga ranar ba na yanka wa kowa tikiti biyu daban a Legas da tazarar da ta gaza awa huɗu, a Abuja kuma awa uku, ko da mutum zai yi fushi ya tafi wani wuri.

Janairu da hazo

Ka ce a Janairu za ku tafi, kuma wannan ya sa na ƙara nauyin shawarata. Lokacin hunturu ne. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada ta wajen Cadi, wadda mu a Kumasi muke ganin ragowarta a kan gilashin mota da fashewar leɓe, a Kano da ƙarfinta take isa. Akwai ranakun da hazo ke rufe gari har matuƙi ba zai iya hango titin sauka daga tazarar da doka ta gindaya ba. Idan haka ta faru sai a jinkirta tashi, ko a soke, ko jirgi ya je ya yi ta zagaye ya juya wani gari. Mu ma nan Kumasi hazo yakan tsayar da jirage a wasu ranaku. Ba wanda zai iya gaya maka tun yanzu wace rana ce za ta yi hazo, ni ma aikina tikiti ne, hukuncin tashi ko zama yana hannun matuƙi da masu kula da sararin sama. Abin da ke hannunka shi ne kada ka sa tafiyar a jajibirin ɗaurin aure. Ka bar kwana biyu ko uku a tsakani.

Haka kuma jirgin safe ya fi na yamma cika alkawari. Jirgi ɗaya ne yake yin sawu huɗu ko biyar a yini, lattin da ya yi a sawun farko yana bin sa yana ƙaruwa har dare.

Da a ce Hajiya mahaifiyata ce

Ba zan haɗa mata jirgi uku a yini ɗaya ba. Zan raba tafiyar biyu. Ranar farko mu hau jirgin rana ko na yamma zuwa Akra, minti 45, mu kwana wurin dangi a Nima ko Mamobi, waɗanda ba su da nisa da filin jirgi. Ta huta, ta ci abinci mai zafi, ta miƙe ƙafa. Washegari mu kama jirgin farko zuwa Abuja ko Legas, mu sami tazara mai yalwa, mu shiga Kano da sauran rana. Kwanan da mai tikitinka ya ambata ke nan, kuma gara kwanan da ka shirya a gidan ɗan'uwa da wanda ya faɗo maka a kan bencin filin jirgi. Wasu sukan ce a hau bas daga Kumasi zuwa Akra don a rage kuɗi. Ga kai kaɗai da sai in ce to, amma awa biyar ko shida a zaune ita ce wahalar da kake gudar mata tun farko.

Lokacin yankan tikiti, ka ce a rubuta mata keken da ake tura tsofaffi da marasa lafiya, a kowane jirgi daban, aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Mai tura ta yakan bi da ku ta gajeren layi. Kada ta ji kunya, haƙƙinta ne. Ka gaya musu ko tana iya hawa matakala, don ƙananan jiragen nan da matakala ake shigarsu daga ƙasa. Ku riƙe fasfo mai sauran wa'adi da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Biza kuwa ba kwa buƙata, 'yan ƙasashen ECOWAS suna shiga su zauna har kwana 90. Ka canza 'yan naira tun daga nan saboda mota da ruwan sha, ka kuma rubuta adireshin gidan da za ku sauka da lambar mai masaukinku a takarda, don ana tambaya a wurin shige da fice.

Jadawalin jirage yana canzawa daga wata zuwa wata, kamfani yana iya ƙara rana ko ya janye, don haka lokutan da za ka dogara da su su ne waɗanda mai tikitinka zai buɗe maka a kwamfuta na ainihin ranar da kuka zaɓa. Ka zauna kusa da shi, ka ce ya nuna maka lokacin saukar kowane jirgi da lokacin tashin na gaba, ka ƙirga awoyin da ke tsakani da yatsunka kafin ka biya. Su kuma mutanen Kano ka gaya musu kada kowa ya fito tarba sai ka kira su daga Abuja ko Legas ka ce kun shiga jirgi, sannan ka faɗa musu lokacin sauka da agogonsu.